Buroshin Kujera ta Biyu

A shagon askin Kawu kujeru biyu ne. Ta biyun, tawul kawai ake jibga mata. Ni kuwa na gwada gyaran waya, na gwada faci, ko'ina ban daɗe ba.

Ranar da na roƙe shi kujerar, sai ya miƙo mini wani sabon buroshin kumfa, irin na tebur a bakin titi.

"Ranar da wannan ya yi laushi, kujera taka ce, Sarkin Yawo."

Na goga shi a bayan hannuna. Wallahi kamar bushiya.

Na jiƙa shi a ruwan ɗumi ya kwana, da safe sai warin jiƙaƙƙen akuya. Na ɗebi man gashin Yaya na shafe shi, ta biyo ni da takalmi. Na ɗora tukunya zan tafasa shi, Kawu ya riƙe mini hannu.

"Dafa shi za ka yi mu ci? Gam ɗin zai narke, a bar ka da kututture. Fuska yake so, kullum."

To fuskar wa? Babu mai yarda. Dole tawa, wadda ko gashi ɗaya babu. Kowace safiya in tada kumfa a kofi, in murza kumatuna har su yi zafi, in ɗauraye shi, in rataye shi kai ƙasa.

Tela na maƙwabta ya leƙo. "Kai yaro, shuka gemun kake yi ko huɗa?"

Sau da yawa na so in ajiye in kama gabana. Amma sai na lura bakin gashin buroshin ya fara rabewa, ƙaiƙayin na raguwa.

Wata rana Direba ya shigo, mutumin da ko tawul ya taɓa shi sai ya yi ƙorafi. Kawu ya ce in shafa masa kumfa. Na fara a tsorace. Kafin in kai haɓa, Direba ya soma minshari.

Kawu ya karɓi buroshin, ya shafa a kuncinsa, ya jefa a aljihu. Ya kwashe tawul ɗin daga kujerar.

"Zauna ka ji daɗinta."

Sannan ya jawo aljihun tebur, ya ciro wata sabuwar bushiyar.

"Wancan nawa ne. Ga naka."