Katantanwa a Cikin Keso

Suma'ila ne aka naɗa wa rawanin ajiye kuɗin harajin garin Gidimuni. Wuri ake biya, zambar ashirin, wato dubu ashirin, a keso guda na saƙar kaba, a ɗinke baki a jingine a ɗaki. Kowace kaka ma'ajin sarki yakan aiko Mutari daga Birnin Zinder ya duba. Dubawar Mutari kuwa kowa ya san ta: ya ƙirga kesuna, ya shuri ɗaya da ƙafa, in ya ji ƙaras ya ce madalla, a kawo masa gasasshen kifi.

Wata shekara Suma'ila ya ci keso biyu. Ya kwaso katantanwa a bakin tafki, ya wanke, ya cika, ya zuba wuri a sama. Ƙaras ɗin duk ɗaya ne. Muddin ƙafa ce za ta duba, rawaninsa na nan daram.

Da kaka ta zagayo, sai ga Mutari da wata tsohuwa bisa jaki, Kellu, wadda ke ƙirga wa fatake wuri a kasuwa.

Suma'ila ya ja shi gefe. "Aboki, wannan fa?"

"Ma'aji ya haɗa ni da ita. Wai ƙafata ba ta iya lissafi ba."

Suma'ila ya tsuguna gabanta. "Iya, kin sha hanya. Ki huta, ni zan kwance miki bakin kesunan."

"Bar bakin, ɗana. Ni ta gindi nake farkewa."

Ta bi kesunan da wuƙa har ta kai ga ɗaya daga cikin biyun. Katantanwa ta zubo har kan takalmin Mutari. Ta ɗauki guda ta shinshina.

"Yaushe sarki ya fara karɓar wannan? Ka gaya mini, a bayan gidana ma akwai."

"Iya, wallahi haka talakawa suka kawo."

"A wanke tas? Talakawanku na da tsabta."

Mutari, wanda shekara bakwai yana cin kifin gidan, ya fi kowa salati. Shi da hannunsa ya warware rawanin Suma'ila, ya ce gobe da safe sai gaban ma'aji.

Kellu dai ba ta tashi ba. Ta baje abin a tabarma tana ja biyar-biyar da yatsu.

Suma'ila, kai ba rawani, ya ce, "Iya, me kuma kike ƙirgawa? Ai kin gani."

"Ladana a kan kowace zambar ne, ba a ce zambar me ba. Kai za ka biya, kuma da wurin gaske. Matsa, ka tare mini haske."