Gadon Sama a Cikin Ƙwai

Orval Lindgren ya yi ritaya daga aikin wayoyin lantarki a farkon sanyi, kuma ba a je ko'ina ba matarsa Verna ta gane cewa namijin da ba shi da wurin zuwa da safe jarraba ce mai zaman kanta. Ya gyara famfon da bai taɓa ɗiga ba. Ya sake wa kwanukanta mazauni a kicin, har ta yini tana neman ludayi a gidanta. Da ya rasa abin taɓawa, sai ya koma gareji ya kulle kansa da Ƙwai.

Ƙwai ita ce 'yar tirelarsu ta kwana, fara, mai kumburin ciki, wadda in ka shiga ka buɗe hannuwa sai ka taɓa bango da bango. Gado ɗaya ne a cikinta, da murhun gas, da ɗan kabad a saman gadon inda Verna ke ajiye littattafanta. Duk shekara in zafi ya shigo sukan ɗaura ta a bayan mota su nufi wani tafki a arewacin Minnesota su yi mako guda.

Verna tana son makon nan fiye da duk sauran shekara in an haɗa. A gida Orval na kowa ne: na coci, na maƙwabcin da injinsa na share ƙanƙara ya ƙi tashi, na duk wanda ya iya lambar wayarsu. A bakin tafki kuwa waya ba ta kamawa. A can ne kaɗai yake zama ya yi mata hira har kofi ya huce, a can ne kaɗai suke kwana kafaɗa da kafaɗa, don gadon bai ba su wani zaɓi ba. Ba ta taɓa faɗa masa haka ba. Haba, ita da mijinta na shekara da shekaru? Ai sai ya ɗauka ba ta da lafiya.

Akwai kuma Ardis, yayar Orval, wadda mijinta ya rasu tun tuni. Kowace shekara, ranar Lahadin da za su tafi, a bakin ƙofar coci, Ardis takan yi ajiyar zuciya ta ce ina ma da ita za a je. Verna kuma takan dafa hannunta ta ce wallahi da akwai wuri da ba za su bar ta ba, gadon ma su biyu a matse suke kwana. Sai kowacce ta girgiza kai cikin baƙin ciki, a rabu lafiya. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san abin da aka yi: an gaisa ne. Orval, wanda a garin aka haife shi kamar kowa, ya tsaya a gefe duk shekarun nan yana sauraro, ashe shi a wurinsa magana ake yi.

Sanyin nan kaf ƙarar zarto ce ke tashi daga gareji. In ta kai masa kofi sai ya karɓa ta bakin ƙofa, ya ce kada ta leƙa. Ita a zatonta wata 'yar kanta ce yake yi mata ta ajiye kofuna, har ta fara shirya irin murnar da za ta nuna.

Ranar da ƙanƙara ta gama narkewa ya kamo hannunta ya shigar da ita. Kabad ɗinta babu shi. A wurinsa wani faffaɗan katako ne shimfiɗe a saman gadonsu, rataye da sarƙa ta kowane gefe, ƙarafa sun tokare shi daga ƙasa. Ga siririyar katifa, ga sandar da za ta hana mutum mirginowa, ga ɗan tsani da ya goge har yana sheƙi. Aikin ya yi kyau, abin haushin ke nan. Orval ya hau ya yi ta girgiza jiki don ta ga ƙwari. Ita kuma ta zauna a gadon ƙasa, katakon ya gaishe ta a tsakar ka.

"Na daɗe ina jin ki kina cewa da akwai wuri," in ji shi daga sama, fuskarsa kamar ta yaron da ya ci jarrabawa. "To, ga wuri."

Verna ta shafa kanta ta ce, "Kai, Orval, ai da ba ka wahalar da kanka ba."

Ba ta taɓa faɗar gaskiya tsagwaronta irin wannan ba, shi kuma ya karɓe ta a matsayin godiya. Ya ce ai har ya buga wa Ardis waya, tana nan tafe da yamma ta ga gadonta.

Kafin yamma Verna ta gwada duk ƙofar da mace mai mutunci za ta iya bi. Ta tambaya ko nauyin ba zai yi wa mota yawa ba. Ya ce ya ja Ƙwai har sikelin masu hatsi ya auna ta, lafiya lau. Ta tuna masa gwiwoyin Ardis. Ya nuna mata yadda ya faɗaɗa matakalar tsanin saboda su. Ta ce zafi fa a can sama. Ya danna wani abu, 'yar fanka ta hau juyawa. Mutumin da bai taɓa tuna ranar aurensu ba sai an tuna masa, yau babu abin da ya manta.

Ardis ta iso da farantin kek, ta yaba, ta sake yabawa, sannan aka sa ta hau. Ta hau da nishi da kiran sunan Allah, ta kwanta, hancinta na neman taɓa rufi. Orval ya ce su jira, ya manta wani abu a cikin gida.

Ƙofa na rufewa Ardis ta juyo da kai da ƙyar, ta yi ƙasa da murya.

"Verna, wa ya gaya wa yaron nan ina son zuwa?"

"Ke kika faɗa, Yaya. Duk shekara."

"Ke ma ai duk shekara cewa kike kina so a je da ni."

Suka kalli juna. Daga nan Ardis ta amayar da abin da ke cikinta. Ita da sauro ba sa ga maciji. Ba ta iya barci sai talabijin na magana. Kifi kuwa ko a faranti ba ta ƙaunarsa, balle da ransa. Kuma in gaskiya ake so, makon da suke tafiya shi ne kaɗai makon da Orval ba ya zuwa gidanta da akwatin kayan aiki, shi ne hutunta na shekara.

Daɗi ya cika Verna, ta ce to ai shi ke nan, sai Ardis ta faɗa masa, ƙaninta ne. Ardis ta ce ita kuma Verna ai mijinta ne, da ita yake kwana. Suna cikin wannan tura-tura Orval ya dawo rungume da matashin kai. Da kansa ya je kanti ya zaɓo masa riga mai zanen kifaye, har ya sa an ɗinka sunan Ardis a gefe. Ya miƙa wa yayarsa da hannu biyu.

Ardis ta rungume matashin ta ce ba a taɓa yi mata abu irin wannan ba. Verna ta ce lallai Yaya ta yi dace da ƙani. Kowacce ta jira ɗaya ta ƙara wani abu, babu wadda ta ƙara.

Haka aka tafi su uku. Doguwar tafiyar mota ta sandarar da gwiwoyin Ardis, da aka zo kwanciya ta ɗora ƙafa a tsani ta kasa ɗaga ɗayar. Orval ya ce ta kwanta a ƙasa, shi zai hau. Ardis ta ƙi kamar yadda tarbiyya ta tanada, ya nace, ta sake ƙi, ya sake nacewa. Verna tana tsaye tana addu'ar tarbiyyar ta ƙara tsawo, amma gwiwa ta fi ta ƙarfi. Ta kwana kafaɗa da kafaɗa da yayar mijinta cikin warin man zafi, katako a saman fuskarta.

Da safe ta riga kowa fita, ta ɗora kofi a bakin ruwa. Ranta a ɓace yake, kuma tsoro take ji, don ta yanke shawarar yau za ta faɗa masa da bakinta, ko da zai ɗauka ba ta da lafiya. Wannan shekarar ta riga ta tafi. Amma baɗi tata ce, a cire katakon nan a mayar mata da mijinta.

Orval ya fito yana miƙa, ya zauna kusa da ita. Ta ce, "Orval, ni fa dama akwai abin da..."

"Na sani," in ji shi, ya dafa bayanta. "Kin yi haƙuri da ni. Shekara da shekaru kina faɗar a matse kike kwana, ban yi komai a kai ba. Ni ma rabon da in yi barci irin na jiya har na manta. Baɗi ko Ardis ba ta zo ba, a sama zan riƙa kwana. Gadon ƙasa naki ne ke kaɗai."

Ya tsaya yana kallonta, yana jiran ya ga murna. Verna ta zuba kofi ta miƙa masa.

"To," ta ce. "An gode."