Da Bayan Yatsa

Shekara goma sha ɗaya ina jan wayar lantarki a gidajen mutane tare da Baba kafin in shiga makarantar koyon sana'a. Ba rashin iyawa ya kai ni ba. Kamfanin da ke son ɗaukata ne ya ce sai da takardar difloma, shi ya sa na haɗiye girman kai na yi shekara biyu a benci ɗaya da waɗanda ko riƙe filaya ba su iya ba.

Ranar jarrabawar ƙarshe ta aikin hannu aka ba kowa allon katako: soket biyu, ƙwan fitila uku, makunni da akwatin fis. Ni na fara gamawa. Wayoyina a miƙe sambal, ba wadda ta hau wata. Malamin da muke kira Mai Tabarau ya zo ya tsaya a kaina, ya ce in kashe wutar in kwance soket ɗaya ya gani.

Na kashe. Sai hannuna ya yi abin da ya saba, na ɗan goga bayan yatsana a jikin wayar don in tabbatar ta mutu. Haka Baba ya koya min, wai in da wuta za ta ture ka maimakon ta riƙe ka. Ga na'urar gwaji a aljihuna, wallahi ko tunawa da ita ban yi ba.

"Ajiye kayanka," in ji Mai Tabarau. "Ka faɗi. Sai baɗi."

Na ce, "Malam, wutar fa a kashe take."

"Sai da ka taɓa ka sani."

Ka ji fa. Mutumin da bai taɓa rarrafe cikin silin da tsakar rana ba shi zai koya min tsoron wuta. Na kusa da ni, wanda sai da ya warware aikinsa sau biyu, ya ci. Raina ya ɓaci, don na san kamfani ba zai jira ni shekara guda ba.

Shagon Baba na wuce kai tsaye. Yana zaune yana feɗe bakin waya. Na zazzage masa komai, ina jiran ya wanke malamin tas.

Bai ɗago ba ya ce, "Ya yi daidai."

"Baba, kai fa ka koya min."

"Ni na koya wa ƙanena ma." Ya ajiye wuƙar. "Baffanka da aka ce maka zazzaɓi ne ya kashe shi, ba zazzaɓi ba ne. Ƙasa a jiƙe take ranar. Wutar ba ta ture shi ba."

Ina da shekara tara aka binne Baffa. Ina sha huɗu Baba ya kama yatsana da hannunsa ya ɗora a kan waya, yana dariya yana ce min matsoraci.

Nan a shagon na tambaye shi don me ya koya min abin da ya kashe ƙanensa. Ya ce shi abin da ya iya ke nan.