Garin da Bature ya Rubuta wa Audi

"Malam, warware layag ga," in ji Audi, yana miƙo mini ita daga kan tabarma. Kwana goma sha biyu ke nan ciwon ciki ya kwantar da shi, har matarsa Iyatu ta gaji da jiƙa sassaƙe ta koma yi masa fifita kawai.

Audi maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Magini ne, shi ya yaɓe mini soro sau uku, kuma bai taɓa tsayawa na gama godiya ba. Duk unguwa an san yana ɗan ƙarami aka kawo shi Sakkwato cikin bayin da aka kamo daga kudu. Bai san garinsu ba, bai san shekarunsa ba. Furfura ta rufe shi, haƙoran gaba sun zube, muna ce masa tsoho yana amsawa.

Na farke ɗinkin layar. Ba aya ba ce a ciki, takardar 'yancinsa ce da aka ba shi shekara uku da suka wuce, rubutun alƙali a sama, na Bature a ƙasa.

"Ka ga kalmag ga mai tsawo? Sunan garinmu na," ya ce. "Ran da anka ba ni ta, Bature ya tambayi asalina, nic ce ban sani ba. Yad dubi huskata, yad dubi tsagata, ya daɗe, kana yar rubuta yana hwaɗi da baki: Kwadarajinariya. Ya gane mutanenmu, Malam."

Na sha jin sunan nan a bakinsa. A zaure mukan zolaye shi, mu ce garinsu ya fi ƙauyen Kwalkwalawa karya harshe. Ni ma na yi dariyar, kuma har yau ina jin kunyarta.

"Ka kai ta bariki a hwaɗa maka inda garin yake. Ban son in tahi in bar Saudatu ana ce mata ɗiyar marar asali."

Saudatu 'yarsa ce, ita kaɗai gare shi. Tana bakin ƙofa da ƙwaryar ruwa, ta sunkuyar da kai.

Ni Larabci na karanta, rubutun Nasara kuwa a idona tafiyar tururuwa ce. Na naɗa rawani na fita da hantsi. A bariki na sami wani akawu mutumin Ikko, mai tabarau. Ya duba takardar, ya ƙyalƙyale da dariya, da ya ga fuskata sai ya haɗiye sauran.

"Ba gari ba ne, Malam, shekara ne," ya ce da Hausarsa ta koyo. "Mutum wanda ya wuce arba'in, bai kai hamsin ba. Wannan Bature yana son babban magana."

"Duba dai da kyau, ko can ƙasa."

"Wurin gari ya rubuta: ba a sani ba."

A hanyar komawa na ƙulla ƙarya har iri uku. Zan ce gari ne bayan kogin Kwara, mai tudu da babbar kasuwa. Wa zai ƙaryata ni? Amma da na shiga ɗakin na tarar ya sa an jingina shi da bango yana jirana, sai harshena ya ƙi. Na durƙusa na gaya masa abin da akawu ya ce, ban rage komai ba.

Iyatu ta daina fifita. Audi ya ɗago kai ya dube ni.

"Arba'in da nawa?" ya tambaya.

"Bai hwaɗi ba. Ba ka dai kai hamsin ba."

"Ashe ni ba tsoho na ba." Ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi. Sannan ya fara lanƙwasa yatsu, yana motsa baki. "Ran da anka kama ni, inna tana goye da ƙanena. Yarinya ta, Malam, ɗanya shakaf. In ni ban kai hamsin ba, ita ba ta kai saba'in ba. Iyatu, gwaggonki ta Dundaye hwa?"

"Ta hi haka nesa," Iyatu ta ce a hankali. "Kuma har yanzu tana daka."

"To tana nan." Hawaye suka biyo tsagar kumatunsa. "Shekara nawa nike yi mata addu'ar matattu, ashe tana nan. Saudatu, zo. Ban samo miki gari ba, amma kina da kaka."

Na buɗe baki in ce Allah kaɗai ya san mai rai, na kasa.

Ya ce a naɗe asabarin ƙofa, a juya shi ya dubi kudu. Aka yi. Bai ƙara magana ba sai kalmar shahada, ana dab da kiran la'asar. Da na sa hannu zan mai da shi alƙibla, idanunsa na kan ƙofa, yatsunsa na dama a lanƙwashe yadda ya bar su.