Sunan da Aka Soke

A cibiyar binciken, kowa da abin da yake faɗa game da Mai Hannu. Masu gadi sun ce da shigowarsa suke saita agogo. Ɗalibai sun ce in gwaji ya ƙi ka, kai masa kawai, ko ruwan famfo ya taɓa sai ya yi albarka. Akawun ofis ya ce shekara goma sha tara ke nan yana sabunta masa takardar aikin wucin gadi duk wata shida, bai taɓa jin ya ce uffan ba. A gida kuwa, Inna cewa take ta auri mutumin da kwalabe suka fi ta jin muryarsa.

'Yarsa dai Baba take ce masa, a gida da wurin aiki. Shi ne tun ranar da ta fara digiri na uku a ɗakin gwajin da yake wa wankin kwalabe ya koma kiranta Dakta. In ta ce ai da saura, sai ya ce kiran ne zai jawo abin.

Aikinta a baki ba shi da wuya. A jikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wasu 'yan sukari da ke nuna rukunin jinin mutum, A ne ko B ko O. Wasu bakteriya na cikin hanji su ma sun iya ɗinka irin sukarin nan a jikinsu, kamar ɓarawon da ya sa rigar 'yan gida. Sinadarin da ke yi musu ɗinkin, enzayim, shi take son ganin siffarsa. Sai dai ba ya ganuwa sai an lallashe shi ya daskare ya zama 'yan ƙwayoyi kamar lu'ulu'u, sannan a haska su da eksre, hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Shekara biyu tana ɗiga ruwa a faranti mai ramuka, tana leƙawa ta madubin ƙara girma, ba ta ganin komai sai dusa.

Wata safiya Baba ya same ta a ɗakin sanyi, ya zaro tsinke daga aljihun rigarsa. A bakin tsinken ya manne gashin bakin kyanwa guda ɗaya, wanda kyanwar Inna ta zubar a kan tabarma. Ya ce wani baƙon malami ya taɓa yin haka shekarun baya, shi yana shara yana satar kallo. Ya dangwala gashin cikin dusar, ya ɗauke numfashi, ya ja shi sau ɗaya a tsakiyar sabon ɗigo. Ta gwada a nata farantin, ɗigon ya fashe.

Bayan kwana tara, a kan layin da ya ja, ƙwayoyi suka jeru kamar haƙoran jariri. Ƙanana ne, ba za su hasku ba. Wata huɗu ya yi yana rage gishiri, yana sauya wa faranti wurin zama, yana rubuta komai a littafinsa da manyan haruffan nan na wanda ya shiga ajin manya yana da shekara arba'in. A ƙarshe suka girma.

Ranar da siffar ta fito a kwamfuta, ta kira shi. Ya goge hannu da tsumma, ya tsaya a bayanta ya daɗe yana kallo. Ya ce kamar tafin hannu biyu na mai roƙon ruwa. Ta nuna masa kwarmin tsakiya, ta ce nan sukarin ke zama.

* * *

A watan ne sanarwa ta fito: ƙarshen shekara za a sallami duk ma'aikacin wucin gadi da ba shi da takardar babbar makaranta, sai wanda sunansa ya fito a rahoton bincike. Baba ya karanta a jikin allo, ya koma bakin famfonsa.

Ita ta rubuta rahoton, ita ta jera sunaye bakwai, nasa na biyar. Ta kai wa Farfesa, shugaban ɗakin gwajin, ta tsaya yana dubawa. Kundin digirinta na nan ƙarƙashin gwiwar hannunsa, mako uku yana jiran sa hannu.

"Wannan na biyar fa?"

"Babana ne, ranka ya daɗe. Shi ya fitar da ƙwayoyin."

Farfesa ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro. Ya ce in aka sa mai wankin kwalba, to adalci shi ne a sa kyanwar ma. Ya ja layi a kan sunan, a gurbinsa ya rubuta na shugaban cibiya, wanda bai san ta ina ake buɗe ɗakin sanyi ba. Littafin Baba yana cikin jakarta, don wannan tambayar ta ɗauko shi. Ta ji nauyinsa a kafaɗa. Ta dubi kundin, ta dubi alƙalamin.

"To, ranka ya daɗe," ta ce.

Kafin a tashi aiki ya sa wa kundin hannu.

* * *

Da rahoton ya fito, Baba da kansa ya ce ta kawo masa gida. Inna ta share tsakar gida kamar za a yi baƙi, tana cewa yau za ta ga abin da ya ƙwace mata miji, kuma a ba kyanwarta ladanta. Ya zauna a kujerar roba, ya sa tabarau. Turancin ya fi ƙarfinsa, amma suna ai suna ne. Ya bi layin da yatsa, leɓɓansa na motsi. Ya kai ƙarshe, ya dawo farko. Sannan ya buɗe shafin hoton, ya ce wa Inna ta zo ta ga yadda Allah ya ƙera abu.

Inna ba ta iya karatu ba, amma ta iya fuskar mijinta. Ta bi 'yarta kicin, ta tambaye ta ƙasa-ƙasa ko ba ta gaya musu wanda ya yi aikin ba. Ta amsa cewa ba ita ke zaɓen sunaye ba, manya ke yi. Inna ta dube ta, ta ɗauki wuƙa ta hau yankan albasa.

Takardar sallama ta zo da layi uku. A makon Baba na ƙarshe Farfesa ya ce kafin ya tafi ya koya wa sababbin ɗalibai jan gashin nan. Ya koya musu, ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe musu wuyan hannu. Ranar ƙarshe ya wanke kwalaben da suka rage, ya kife su, ya miƙa makulli. Ita tana taro a bene, ta taga ta hango shi yana gaisawa da masu gadi.

* * *

Ran Litinin ta fito da shirin aiki, an ba ta gurbin koyarwa. Ta same shi a ƙofar ɗaki ya yi aski, ya sa takalmi har ya ɗaure igiya, yana zaune da hannuwa a kan gwiwa. Ba inda za shi.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ce farantan da ke kanta ta uku kada a buɗe su kafin Alhamis. Ƙofar ɗakin sanyin kuma ba ta rufuwa sai an tura da gwiwa, ta gaya wa ɗaliban.

"Allah ya ba da sa'a, Dakta."

Ta ce amin. Ta miƙe ta kai bakin ƙofar gida, hannunta a kan sakata. Inna ta daina wanke-wanke. Ta dawo, ta ajiye jakar a ƙasa, ta sake durƙusawa a gabansa, idonta a kan igiyar takalminsa.

"Baba, na rubuta sunanka. A gabana ya soke shi, littafinka na cikin jakata, na ce masa to. Ka yafe mini."