Zabuwar Malam Muntari

Shekara ashirin da shida Malam Muntari ya yi yana dafa ruwa a wata masaƙa da ke Challawa. Ba ruwan shayi ba fa, kada ku raina shi. Shi ne mai kula da boila, ƙatuwar tukunyar ƙarfen nan da ke tafasa ruwa ta aika wa injinan rini tururi. In ana maganar ruwa a kamfanin, injiniya ma sai ya waiwaya ya dubi fuskar Muntari kafin ya rufe baki. Muntari ya san da haka sarai, kuma bai taɓa bari wani ya manta ba.

Da keke ya fara zuwa aiki daga Zawaciki, daga baya ya koma babur, sai bana Allah ya nufe shi da mota. Wanda ya nemo masa ita amininsa ne, Uba, mai fentin motoci a Sharada. Tare suka baro ƙauyensu na wajen Ringim suna samari, a bayan motar gyaɗa ɗaya, ɗaki ɗaya suka kama a Panshekara har kowa ya yi aure. Tun daga wancan lokaci, duk Juma'a in an sauko daga masallaci a garejin Uba suke cin abinci, kwano ɗaya, suna musun da ba ya ƙarewa. Da Uba ya ji wani manaja a Bompai zai rabu da motarsa, sai ya je ya duba ta ciki da bai, ya ƙwanƙwasa nan ya shafa can, ya dawo ya ce wa Muntari ya rufe ido ya saya. Ya ce fentinta na asali ne, ba a taɓa yi mata feshi ba.

Baƙa ce wuluk, sai ɗaukar ido take. Ranar da ta shigo unguwa Muntari ya fita duba ta ya fi sau goma, kowace fita da dalilinta. Matarsa Aina'u ta ce da ƙofar ɗaki za ta ci, da a gado zai kwantar da ita.

To, a bakin ƙofar kamfanin akwai famfon bohol da dogon tiyo, inda direbobin manyan motoci ke wanke tayoyi. Muntari ya ga banza. Ana tashi hutun rana, ƙarfe ɗaya daidai, sai ya ja motar ya kafa ta a tsakiyar siminti, rana na dukan ta tsaye, ya naɗe hannun riga ya shiga cuɗa ta da sabulu. Ya bi ta lungu-lungu, ya ɗauraye ta tas. Yana gama ɗaurayar ladanin masallacin kamfani ya kira Azahar. Muntari kuwa mutum ne da ya yi shekaru sahun farko bai wuce shi ba. Da tiyon nan ya yi alwala, ya dubi motar tana ɗigar ruwa, ya ce rana ta ƙarasa masa aikin, ai don haka aka yi ta. Ya yi salla, ya ci shinkafa da wakensa a natse, ya dawo yana sakace.

Abin da ya tarar ya sa tsinken ya faɗi daga bakinsa. Tun daga bonet har but, motar ta yi fararen ɗigo-ɗigo, dubbai, kowane da ɗan zagayensa. Ya sa gefen rigarsa ya goga, suka dube shi ya dube su.

Kamilu, direban babbar motar kamfani, wanda Allah ya hore wa baki bai hore masa birki ba, ya zagaya motar sau biyu hannu a baya.

"Malam Muntari, yaushe ka fara kiwon zabi ba mu da labari?"

Shi ke nan fa. Kafin a tashi aiki duk kamfanin, har matan sashen naɗe atamfa, sun san motar da suna Zabuwa. Mai gadi in zai ɗaga mata sanda sai ya tambaya ko ta fara ƙwai.

Maganin da Muntari ya samo shi ne ƙarin wanki. Washegari ya ninka sabulu, ya daɗa sakin ruwa, a wurin dai, a lokacin dai, ladan ya sake kira ya sake tafiya ya bar ta jiƙe. Jibi ma haka. Sababbin ɗigo suka hau kan tsofaffi, har gilashin gaba ya fara yi masa hazo in rana ta haske shi.

Aina'u ta yi iya nata. Ta ɗauko kofin gilas daga kwando ta ɗaga masa a haske, ta ce ya duba, haka ruwan bohol ɗin unguwar nan yake yi wa kayanta in ta bar su suka bushe da kansu, shi ya sa take bin su da tsumma tun suna da danshi. Ta nuna masa cikin butar shayinta da farin ɓawon da ya kama gindinta. Muntari ya saurara da irin haƙurin da malami ke yi wa ɗan aji ɗaya, sannan ya sanar da ita cewa mota ba kofi ba ce. Ta ce Allah ya ba shi haƙuri, ta mayar da kofinta.

Kamilu ne ya jefa ƙwallon. A teburin mai shayi ya ce shi dai a saninsa, in fenti ya fara irin wannan kumfar, to feshi ne aka yi na rufa-ido, mai arha, kuma yanzu ne ma ya fara. Ya faɗa ya ci gaba da tsoma burodinsa, ya manta. Muntari ne bai manta ba. Ya kwana yana juya maganar. In feshi ne, wa ya duba motar? Wa ya ce a rufe ido a saya? Kuma duk Kano wa ya iya feshin da ido ba zai gane ba, in ba Uba ba?

Ya kira shi a waya, ya yi masa bayani murya a cushe. Uba ya fashe da dariya, irin dariyarsa mai haɗe da tari, ya ce ruwa ne kawai, ya daina wanke ta a rana. Da bai yi dariyar ba, wataƙila da maganar ta shiga.

"Ni za ka gaya wa ruwa, Uba? Ni?"

Ya kashe wayar. Kashegari kuma, a teburin mai shayin nan, gaban Kamilu da mutum kusan takwas, ya faɗi abin da bai kamata ya fito daga bakinsa ba. Ya ce a zamanin nan, wanda kuke cin abinci kwano ɗaya ma sai ya haɗa baki da bare ya cuce ka. Bai kama suna ba, amma babu wanda ya tambaya wa yake nufi.

Juma'a ta zo, bai je Sharada ba. Ta biyu ma haka, ta uku ma. Uba ya kira sau biyu, bai ɗauka ba, daga nan kiran ya ɗauke. Kada ku ɗauka yana jin daɗi. In ya sauko daga masallaci ya dawo gida, Aina'u ta ajiye masa kwano, sai ya yi loma uku ya ture, ya ce gishiri bai ji ba, ko ya yi yawa. Gaskiyar ita ce bai iya cin abincin Juma'a ba tare da wanda zai yi wa musu ba. Kewar Uba yake yi kamar me, yana kuma jin haushin kansa da yake kewar mutumin da ya cuce shi.

Ana nan sai lokacin wankin boila ya zo. Aka kashe wuta, tukunyar ta huce, Muntari ya buɗe murfinta ya shiga kankare farin ɓawon da ruwa ke bari a jikin bututu, aikin da ya yi ya fi a ƙirga. Yana kankara yana yi wa wani sabon injiniya lacca, cewa ruwan ƙasar nan yana ɗauke da gishiri-gishiri da ido ba ya gani, in ruwan ya tashi ya zama tururi, shi gishirin ba ya tashi, nan yake zama ya manne. Da ya gama ya ja tiyo ya wanke wurin, ruwa ya fantsamo masa a tabarau. Hannunsa duk datti, sai ya cire tabaraun ya ɗora a kan wani bututu mai ɗumi, ya je ya wanke hannu.

Da ya dawo ya mayar da shi a ido, sai ya ga injiniyan ya yi ɗigo-ɗigo. Bango ma haka, boilar ma haka. Ya cire, ya duba gilashin. Fararen zagaye ne ƙanana, irinsu ɗaya sak da na jikin motarsa, babu ko tantama.

Ya tsaya yana jujjuya tabaraun a hannu. Injiniyan ya tambaya ko lafiya, ya ce lafiya lau, jiri ne. Ba ƙarya ya yi ba. Laccar da ya gama yi yanzun nan ita ce ta dawo tana yi masa amsa-kuwwa a kunne. Baƙin ƙarfe a tsakar rana, ruwan bohol a kai, shi kuma ya tafi salla. Ashe boila ya mayar da motarsa kullum da azahar, da hannunsa.

A bayan ɗakin boilar akwai wani siririn bututu da tururin da ya huce yake komawa ruwa yana zuba a kwata. Ruwa ne da ya riga ya bar gishirinsa a tukunya, babu komai a cikinsa. Shekara ashirin da shida Muntari yana tsallake shi. Ya nemi izini, ya tara jarka biyu, ya sa a but.

Ran Lahadi, ranar hutunsa, yana dawowa daga sallar Asuba ya gyara wa motar tsayuwa a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, jikinta da sanyi. Ya yi ta kewaye-kewaye a tsakar gida kafin ya iya tambayar Aina'u da me take cire ɓawon butarta. Ta miƙe ta shiga madafi. Ta matse lemun tsami a kwano, ta sirka da ruwa sosai, ta haɗa masa da tsofaffin tawul biyu masu laushi. Ya jiƙa tsumma ya ɗora a gefen bonet, ya ɗan jira, ya shafa, ɗigon suka narke kamar ba a taɓa yin su ba. Ya ɗauraye wurin da ruwan jarka nan take, ya bi da busasshen tawul. Haka ya bi ta, ƙofa ɗaya, ya tsane, sannan ta gaba, ba ya barin ko ɗigo ya bushe da kansa. Kafin rana ta hau katanga ya gama. Ya ga fuskarsa a jikin ƙofar direba, bai kuwa ji daɗin ganin ta ba.

Daga bakin zaure Aina'u ta ce, "Malam, motar dai ta wanku. Saura ɗayan wankin."

Ya shiga ya sake riga.

Tun daga Zawaciki har Sharada yake tsara abin da zai faɗa. Ya shirya zai fara da wasa, ya ce ya kawo Zabuwa a gaisa, in Uba ya yi dariya shi ke nan an wuce wurin, ba sai an tona ba. Ya san Uba, ba ya riƙo.

Garejin a buɗe yake, amma rumfar da ake feshi a cikinta babu mota ko ɗaya, abin da Muntari bai taɓa gani ba. An share ta ƙal, an yayyafa ruwa don ƙura. A kan benci ga tarin tsofaffin jaridu na rufe gilashi, ga takardar gurza, ga gwangwanayen baƙin fenti huɗu sababbi a jere. Uba na zaune a gefe. Ya rame, ko kuma idon Muntari ne. Suka gaisa kamar surukai, aka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya har aka rasa wanda za a tambaya. Wasan da aka shirya a hanya ya ƙi zuwa. Don ya sami abin faɗa, Muntari ya nuna rumfar ya tambaya motar wane babban mutum ake jira haka.

"Taka," in ji Uba. "Yau kwana goma sha biyu ina mayar da aikin mutane, ina jiran ta."

"Ai ba fenti ba ne, Uba. Ruwa ne."

"Na sani. Ni na gaya maka."

"To wannan fa?"

Uba ya dubi motar da ke ƙyalli a bakin gareji, ya dubi ƙasa.

"Maganar da ka yi a teburin mai shayi ta iso ni tun a ranar. Na san halinka, in ka kafe ba mai tanƙwara ka. Sai na ce duk ranar da ka kawo ta, zan ce ka yi gaskiya, ni ne ban duba da kyau ba. In kankare nata in fesa maka wani. Nawa ba zai kai na asalin kyau ba, amma dai ka dawo mu ci abinci."

Kunya ta rufe Muntari tun daga kai har ƙafa, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya girma. Ya zauna a kan wani bokiti da aka kife, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya buɗe baki zai ce a yafe masa ke nan, sai Uba ya miƙe ya juya masa baya, ya ɗauki guduma, ya shiga daddanna murfin gwangwanin da tun daga shago ba a taɓa buɗe shi ba.