Jar Hula a Jikin Buta

Tun da Gerbrand ya ji cewa Joost mai cuku ya rataya zanen Machteld a falonsa, abinci ya daina yi masa daɗi. Shi da ya yi furfura yana zane a Haarlem, a ce maƙwabciyarsa Machteld ake ta yabo!

Ya je gidan, ya tarar da falon cike da mutane. Zanen tebur ne: burodi, kifi, butar azurfa, da lemon tsami da aka fere rabi, ɓawon yana lilo. Yawunsa ya tsinke, abin da ya ƙara ƙona masa rai ke nan.

"Wannan ake ta zuzutawa?" ya ce. "Ni aikinta bai taɓa isa ta kallo ba."

"Haba, tsoho," in ji Joost, "matso ka duba jikin butar nan."

Gerbrand ya sunkuya. Kamar yadda masu zane kan yi, Machteld ta ɓoye hoton kanta a ƙyallin butar, bai fi ƙwayar wake ba. A bayanta taga ce, a tagar kuwa wani mai jar hula ya laɓe yana leƙe.

"Ka sha tsayuwa cikin sanyi, maƙwabci," in ji Machteld daga bayansa. "Shi ne na shigo da kai."

Aka tuntsire da dariya. Gerbrand ya cire hularsa ya ƙura mata ido. Dariyar ba ta dame shi ba. Jan da ta haɗa ne, shi bai taɓa iya haɗa irinsa ba.